Shawarwari kan tafiya daga Zanzibar zuwa Pemba

Waɗanda suka tattauna batun hanyar da ta fi dacewa a bi daga Zanzibar zuwa tsibirin Pemba, a ƙasar Tanzaniya, sun yi ittifaƙi cewa jirgin sama ya fi sauƙi, domin tazarar da ke tsakanin birnin Zanzibar da Chake Chake, babban garin Pemba, ba ta wuce kilomita 130 ba, kuma cikin kamar minti 30 ake sauka. Jiragen ƙanana ne, shi ya sa aka ja kunnen matafiyi ya rage kaya, don ana auna jaka kafin a shiga. Mai neman rangwame sai ya bi jirgin ruwa zuwa tashar Mkoani da ke Pemba, amma zai shafe sa'o'i a teku. A ganina, shawarar da ta fi muhimmanci ita ce ta damina: daga Maris zuwa Mayu ruwan sama kan jinkirta tashi.