Me za mu kira "monitoring" da Hausa?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙaramin kamfanin manhaja muke da shi nan Damagaram. Manhajar ta lissafin kaya da bashi ce, masu shaguna a kasuwar Dole da cikin Zango suna biya duk wata su yi aiki da ita a wayarsu. Takardar yarjejeniya muke rubutawa da Hausa, domin yawancin masu biyanmu ba sa karanta Faransanci, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Wuri ɗaya ya tsayar da mu: aikin da ake cewa "monitoring" da Ingilishi, "supervision" da Faransanci.

Ga yadda aikin yake. Kwamfutar da manhajarmu ke zaune a kai hayarta muka yi a Faransa. Akwai wata manhaja dabam da ke taɓa ta kowane minti ta ji ko ta amsa. Tana auna nauyin aikin da ke kanta, da wurin ajiyar da ya rage, da jinkirin amsa, da kwanakin da suka rage wa shaidar tsaron manhajarmu da ƙungiyar Let's Encrypt ke bayarwa, mai ƙarewa bayan kwana 90. Wata manhaja mai suna Prometheus ke tattara alƙaluman, wata mai suna Grafana ta zana su a allo. In wani abu ya ƙetare iyaka, saƙo ya faɗo wayata ko da tsakar dare ne. Me sunan wannan?

Ƴar Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Yaya. Ai "sa ido" ne, haka rediyo ke faɗa kullum.

Ɗan Birni:
Shi na fara rubutawa, ƙanwata. Na karanta wa wani Alhaji mai shagon atamfa: "Za mu sa ido a kan lissafinka dare da rana." Sai ya ajiye shayinsa ya ce, "A kan dukiyata? Wa ya aiko ku?" Kuma yana da gaskiya. Ɗan sa ido ba mutumin kirki ba ne a wurinmu. Mu kuwa ba ma buɗe lissafin kowa, lafiyar na'urar muke dubawa.

Mai Gyaran Rizo:
To ku ce "gadi" ko "sintiri".

Malamin Hausa:
Ɗana, gadi don ɓarawo ake yi, sintiri ma haka. Ku bar wa masu tare ƴan kutse waɗannan biyun, za su buƙace su. Abin da ka bayyana ba maƙiyi daga waje kake jira ba, rashin lafiya daga ciki kake nema tun bai kwantar da abin ba. Wannan a Hausa kiwo ne. Kada hankalinku ya tsaya a kan awaki, ai muna cewa kiwon lafiya, muna cewa Allah ya kiyaye, mu ce wa mai tafiya Allah ya yi mana kiwonka. Makiyayi ya san yadda kowace dabba take cin abinci ranar da take lafiya, shi ya sa yake gane wadda ta rage ci tun ba ta faɗi ba. Kuma na ga a wasu rubuce-rubuce ana kiran babbar kwamfutar "uwar garke". In akwai garke, kiwo ya zo gida.

Ɗan Birni:
Malam, Allah ya ƙara sani. Wannan ya shige ni, domin nan ne ainihin aikin yake. Ƙararrawa ta buga bayan komai ya tsaya ba gwaninta ba ce, mai shago ma zai kira ka ya faɗa maka, da faɗa kuwa. Gwanintar ita ce ka ga wurin ajiya ya kai kashi 80, yana hawa a hankali, ka share tsofaffin bayanai tun da sauran mako biyu. Kuma alƙawarin da muke rubutawa mai nauyi ne: in ka ce manhaja za ta yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari, ka yarda kenan duk tsayawarta a shekara ba za ta cika awa 9 ba. Kashi 99 kuwa ya ba ka fiye da kwana uku da rabi. Ba ka cika irin wannan da jiran ƙara.

Mai Gyaran Rizo:
Na karɓi kiwo, amma "uwar garke" a biro ba mai faɗa, "sarba" muke cewa. Sannan ku rubuta cewa mai kiwon ba ya zama gida ɗaya da abin da yake kiwo. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye gini guda na OVH, kamfanin da ke ba da hayar sarba, a birnin Strasbourg na Faransa. Wanda manhajarsa ta kiwo take cikin ginin nan, babu abin da zai turo masa saƙo. Kuma ku riƙa gwadawa daga nan gida. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama sun wahala, alhali na'urorin Turai lafiyarsu ƙalau. Allonka kore shar, mai shago a Dole ba ya iya shiga. Balle in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a unguwa.

Ƴar Sabon Gari:
Yaya, ni tsorona kada Alhaji ya ji "kiwo" ya zaci tumaki za ku saya masa.

Malamin Hausa:
Ƴata, sai a cika shi: "kiwon lafiyar na'ura". Wannan ba ya ruɗa kowa. Tsakaninku ma'aikata ku taƙaita yadda kuka so.

Ɗan Birni:
Shi kenan, mun tsaya a nan. A takarda: kiwon lafiyar na'ura. A biro: kiwon sarba, wanda ke riƙe da wayar a daren nan kuma shi ne mai kiwo. Layin zai zama: "Muna kiwon lafiyar na'urar da ke riƙe da lissafinka dare da rana, ba tare da mun buɗe lissafin ba." Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa Alhajin nan in karanta masa. Saura sunan saƙon da ke tashina da dare: ni "ƙararrawa" nake cewa, abokin aikina ya nace a kan "gargaɗi". Malam, muna jiran hukuncinka.