Tebur marar rami: ta ina zan fara?

Ɗan Wadata, Yamai:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar biliyad, wasan buga ƙwallo da sanda a kan tebur irin na sinuka. Baffana ya daɗe yana gadi a gidan wani Bafaranshe, da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa teburin wasa, tun lokacin yana ajiye cikin sito. Watan jiya Baffa ya ce in ina so in ɗauka. Da muka fito da shi sai na ga ba rami ko ɗaya. Dutsen da ke zaman shimfiɗar teburin yanki uku ne, kowane sai da mu huɗu muka ɗaga shi. Na auna tsakanin robar da ke jikin gefunan teburin, tsawo mita 2.30, faɗi 1.15. Ƙyallen da ke lulluɓe dutsen kam asu da ɓera sun gama da shi. A cikin wani ɗan akwatin katako na sami ƙwallo uku: farare biyu, ɗaya da baƙin ɗigo, sai ja guda.

Wani kafinta a unguwarmu ya ce in kawo ya fafe ramuka shida ya mai da shi sinuka, samari su riƙa biya suna bugawa. Raina bai kwanta ba, don Baffa shekara da shekaru yana kare shi daga ruwan sama. Yaya ake kafa shi, kuma wane ƙyalle zan nema?

Bazazzagen Liège:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, don girman Allah kada ka bari a taɓa dutsen nan da zarto. Abin da ke hannunka biliyad ɗin Faransawa ne, karambol, haka ake yin sa ba rami. Wasan shi ne ka bugi ƙwallonka ya taɓa sauran biyun a bugu ɗaya. A nan Beljiyam abin alfahari ne, ɗan ƙasar nan Raymond Ceulemans ya sha cin kofin duniya a irin wanda sai ƙwallo ya daki roba sau uku kafin ya kai ga na ƙarshe. Teburin gasa mita 2.84 ne da 1.42, naka bai kai shi girma ba, kuma a ɗaki ya fi daɗin sha'ani.

Ko an yi ramin ba zai zama sinuka ba. Ƙwallon karambol milimita 61.5 ne, na sinuka 52.5, kuma bakin robarka an saita shi milimita 37 daga saman ƙyalle saboda babban ƙwallo. Ka sa ƙarami, sai ya riƙa cusa kai ƙarƙashin roba.

Maganar ƙyalle, kada ka sayi na sinuka. Wancan yana da gashi mai kwanciya gefe ɗaya, yana rage gudu. Na karambol sumul yake, siriri. Simonis 300 shi ne aka fi sani, kamfanin da ke yin sa na garin Verviers ne, nan kusa da mu, tun 1680 yake. Akwai kuma Gorina na Sifaniya. In za ka saya ka faɗa musu awon da ka yi, za su yanko maka na shimfiɗa da na roba huɗu daban.

Kafintan Sabon Gari, Kano:
Ni dai teburan sinuka nake kafawa, amma dutse dutse ne. Malam, ka ajiye zancen ƙyalle tukuna. Kashi mafi yawa na aikin nan a ƙarƙashi yake, inda ido ba ya gani.

Ka fara da daɓen ɗakin. In siminti ne mai gangara, tun daga ƙafafu za ka gyara. Ka haɗa gadon katakon da dutsen ke zama a kai shi kaɗai, ba dutse, ka ɗora ma'aunin magina mai ruwa a tsawo, a faɗi, da kusurwa zuwa kusurwa. Sai ya zauna sannan ka ɗora yankin tsakiya, ka biyo da na gefe. Abin da nake cusawa ƙarƙashin dutse katin karta ne, ɗaya bayan ɗaya, don kaurinsa bai taka kara ya karya ba. Ka bi mahaɗar yankunan dutsen da farce. In farcenka ya tsaya, ƙwallo ma zai yi tsalle a wurin. In ka ga kamar ya yi, ka saki ƙwallo a hankali a kan dutsen tsirara ka tsuguna ka bi shi da ido. In ya karkata yayin da zai tsaya, da sauran aiki. Na taɓa kwana biyu a kan wannan kaɗai, mai teburin yana ta ƙorafi, amma har yau bai kira ni gyara ba.

Turawa da kakin zuma suke cike mahaɗa. Da zafin bazarar Yamai ban ba ka shawara ba, laushi zai yi ya ɓullo jikin ƙyalle. Ka nemi fila irin ta masu gyaran jikin mota, ka shafa kaɗan, ta bushe, ka goge har hannu ya kasa gane wurin. Ka share dutsen tas, ƙwayar yashi ɗaya ma za ta fito kamar ƙurji.

Shimfiɗa kuma aikin mutum biyu ne. Ka kafe gefe ɗaya na tsawo daga tsakiya zuwa kusurwa, ku koma ɗaya gefen ku ja iya ƙarfi, sannan ku yi faɗi. Ka danna tafin hannu ka tura: in ya tattare, ku kwance ku sake ja. Kafin ka lulluɓe robar da sabon ƙyalle, ka matsa ta da babban yatsa. Wadda ta daɗe a sito takan ƙandare kamar busasshiyar fata, sabon ƙyalle ba zai tashe ta ba.

Ɗan Wadata, Yamai:
Allah ya saka da alheri, yayyena. Na matsa robar, ta ƙandare kuwa, har da tsaga. Na kuma ga wayoyi a shimfiɗe ƙarƙashin gadon da wata tsohuwar soket. Na mene ne?

Bazazzagen Liège:
Na ɗumama dutse ne. Ana ɗaga zafinsa kamar digiri 5 sama da na ɗaki don ya kori danshi daga ƙyalle, ƙwallo ya yi gudu daidai. Kada ka jona tsohuwar wayar nan sai mai gyaran lantarki ya duba ta. Da rani ba ka buƙatarta, sai dai a tsakiyar damina, wajen Agusta. Abin da zai fi damunka ƙurar hunturu ce: ka sa tela ya ɗinka maka murfin leda mai sauka har gefe, ka rufe duk lokacin da aka tashi wasa. Robar kuma ka yanko ɗan guntu ka ɗauki hoton bakin yankan kusa da ma'auni ka turo mini, in je shago da shi ranar Asabar.