Kofin Duniya ya juya mini barci, ga aji na jira na

Assalamu alaikum. Litinin mai zuwa zan fara koyar da lissafi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wata makarantar kuɗi. Bakwai da rabi ake so malami ya iso.

Matsalar ita ce gasar 2026 da ake yi a Amurka, Kanada da Meksiko. Mun riga New York da awa 5, Los Angeles da awa 8, saboda haka wasan ƙarfe tara na darensu na New York, biyun dare ne a wurinmu. Yanzu barci ba ya ɗauka ta sai bayan asuba. Da hantsi in na zauna rubuta tsarin darasi, layi ɗaya nake ta maimaitawa, idanu na zafi.

Na gwada kwanciya bayan isha'i da ƙararrawa, sai juyi kawai nake. Na gwada kallon taƙaitaccen wasa da safe, amma kafin nan 'yan WhatsApp sun gama faɗin sakamako. Shayi mai kauri kuwa bugun zuciya ya jawo mini.

Malamai masu kallon ƙwallo, yaya zan maido da barcina kafin Litinin ba tare da na bar kallon gaba ɗaya ba?