Neman kalma: shaidar likita a shari'ar neman diyya

Tafintan Agege: Salamu alaikum. Ran Litinin zan raka wani ɗan dako na kasuwar Mile 12 Babbar Kotun Ikeja. Tirela ce ta buge shi, an sa masa ƙarfe a cinya, yanzu da sanda yake tafiya, yana neman diyya. Lauyarsa ta ce in fassara masa rubutacciyar rantsuwar likitan ƙashi da zai ba da shaida. Kalma biyu sun tsaya min a wuya, "expert witness" da "admissible". Don Allah a taimaka kafin daren Lahadi.

Malamin Idi-Araba: Ƙwararren mai shaida. Ta biyun kuma karɓaɓɓiya.

Barista: Allah gafarta Malam, in aka ce haka sai a zaci wanda ya goge a ba da shaida, irin masu rantsuwa a biya su. A likitanci ƙwarewar take. Shaidar ƙwararre ya fi. Sashe na 67 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar ra'ayin mutum, sashe na 68 ya keɓe wanda ya ƙware a fanni irin na kimiyya. Shi ya sa likita zai iya cewa ƙafar nan ba za ta sake ɗaukar buhun albasa ba, abokin dakonsa kuwa sai abin da ya gani da idonsa. Likitan ma sai ya fara faɗa wa kotu karatunsa da shekarunsa a aiki.

Baban Alaba Rago: Me ya hana a ce gwani? Shaidar gwani. Kalmarmu ce tun kaka da kakanni.

Malamin Idi-Araba: Baba, a bar wa mahaddata gwaninsu.

Baban Alaba Rago: Gwanin ɗinki fa? Ku kun daɗe a Ikko har Hausar ta tsinke. Likita, lauya, kotu, duk aro ne, ba ku ji kunya ba.

Hajiyar Obalende: Haba Baba. A nan aka haife ni, aka haifi uwata, ba wanda zai raina mana harshe. A Kano ma kotu suke cewa.

Tafintan Agege: Don girman Allah a dawo. Karɓaɓɓiya ce ke ba ni tsoro. In na ce masa an karɓi shaidar likita, wallahi gida zai buga waya ya ce ya ci shari'a.

Barista: Ka gano wurin. Shigar da shaida daban, nauyin da alƙali zai ba ta daban. Lauyan ɗaya ɓangaren zai yi wa likitan tambayoyi, yana iya kawo nasa likitan, kuma ba dole ne alƙali ya bi ra'ayin ƙwararre ba.

Malamin Idi-Araba: To a ce mai sauraruwa. Shaida mai sauraruwa, wato doka ta yarda a saurare ta, ba a ce an gaskata ba.

Hajiyar Obalende: Ta yi nauyi a baki, Malam. Ɗan dako ba zai gane ba.

Tafintan Agege: Na ɗauki shaidar ƙwararre. Ɗayar zan warware masa ne: kotu ta yarda ta saurara, ba ta yanke ba tukuna. Na gode.

Baban Alaba Rago: Ku je da ƙwararrenku, ni dai gwani zan ce. Allah ya ba yaron lafiya.