Injin Yankan Sitika na Farko: Abin da Masu Sana'ar Suka Ce

Tambayar wani matashi ce ta tayar da hira tsakanin masu sana'ar yankan sitika: yana son fara rubutun allon talla, jarinsa kaɗan ne, wane inji zai saya?

Inda aka fi daɗewa shi ne batun faɗi. Injinan Silhouette Cameo da Cricut suna yanka da kyau, amma yawancinsu inci 12 suke ɗauka, sun fi dacewa da rubutun riga da ƙananan sitika. Mai son allon shago ko rubutun jikin mota ya nemi mai inci 24 zuwa 28, tunda nadin sitikar da aka fi samu inci 24 ne. Ni ma nan na tsaya, don na ga yadda haɗa gutsattsarin haruffa yake ɓata allo.

Masu araha irin USCutter MH da Vevor suna da ƙara, kuma sukan karkace a doguwar yanka ko ƙananan haruffa. Duk da haka suna biyan bukatar mai koyo. Wasu suka ce gara tsohon Roland ko Graphtec mai lafiya, in dai an gwada shi a gabanka kafin ka biya.

Kada kuɗin ya ƙare a kan inji kaɗai. A ware na wuƙaƙe, mai digiri 45 don sitikar yau da kullum, 60 don mai kauri, da tef ɗin ɗauko haruffa, da sitabilaiza saboda halin wutarmu. A kuma tambayi mai sayarwa ko manhajar injin tana karɓar zane daga CorelDraw, manhajar zane a kwamfuta.