Kifayen adona suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, a taimaka min da shawara

Abban_Hanifa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu kiwon kifin ado ku taimaka min, abin ya fara isata wallahi. Kwana tara ke nan da na sayo akwariyom, akwatin gilashin nan dai, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, mai shagon ya ce lita 54 yake ci. Ya haɗa min da filta mai soso da ɗan injin iska da tsakuwa masu kala da ciyawar roba. Ni saboda yara na saya, tun da Hanifa ta ga irinsa a gidan ƙanwar mamanta ba ta bar ni na sha ruwa ba. Ranar da na kawo shi na wanke da sabulu tas, na cika da ruwan famfo, da yamma na juye kifi 14 a ciki, golfish 4, gufi 6, moli 3 sai wani baƙi mai manne baki a gilashi da aka ce min shi ne mai shara. Kwana biyu lafiya lau har maƙota na shigowa kallo, a na uku ruwan ya yi fari kamar an zuba farau-farau, kifayen suka dawo sama suna ta buɗe baki, daga nan kullum da safe sai na tsamo gawa. Yanzu saura 5, golfish 2 da gufi 2 da mai sharar. Na kwashe ruwan gaba ɗaya sau biyu na wanke soson filtar a famfo amma ba ta canja zani ba. Na koma wajen mai shagon ya ce wai kambun baka ne ko kuma ban ba su abinci sosai ba, in ƙara saye. A Kano nake. Me na yi ba daidai ba?

Injiniya_Zazzau ya rubuta:

Wa alaikumus salam Abban Hanifa, Allah ya mayar da alheri. Ba kambun baka ba ne, kuma kar ka ƙara sayen ko kifi ɗaya yanzu, ni ma haka na fara da asara kafin na gane. Ruwanka ne bai nuna ba. Kifi yana fitar da amoniya ta gaɓar numfashinsa da ke gefen kai da kuma kashinsa, abincin da ya rage a ƙasa shi ma ya ruɓe ya zama amoniya, ita kuwa guba ce, tana ƙona gaɓar numfashin. A kogi ruwa na tafiya da ita, a cikin lita 54 babu inda za ta je. Abin da ke cinye ta wasu bakteriya ne masu amfani da suke zama jikin soson filta da tsakuwa, kashin farko su mayar da amoniya naitirayit, wanda shi ma guba ne don yana hana jinin kifi ɗaukar iska, shi ya sa ka gan su a sama suna haki, sai kashi na biyu su mayar da naitirayit ɗin naitiret, wannan ne mai sauƙi da ake ragewa da canjin ruwa. To matsalar ita ce sabon akwati babu waɗannan bakteriyar, kafin su hayayyafa su isa aiki ana ɗaukar sati 4 zuwa 6, kai kuma ka zuba kifi 14 a ranar farko, har da golfish da babu kamar su wajen ƙazanta.

Wanke soson nan da ka yi a famfo shi ya ƙara dagula lissafi, kulorin da ke cikin ruwan famfo aikinsa ke nan kashe bakteriya, duk ɗan abin da ya fara taruwa ka aika shi lahira sau biyu. Soso ba a wanke shi sai a cikin tsohon ruwan akwatin da ka ɗiba a bokiti, ka ɗan matsa shi sau biyu uku ka mayar, ko da ya yi kalar ƙasa ka ƙyale shi, dattin nan shi ne dukiyar. Sabulu kuma kar ya sake kusantar gilashin ko bokitin, ka ware bokiti ɗaya na kifi kaɗai ka gaya wa uwargida kar a jiƙa wanki a ciki.

Abin da za ka yi daga yau: kullum ka ɗebe kamar kashi 1 cikin 3 na ruwan ka zuba sabo wanda aka cire wa kulorin, akwai maganin da ake sayarwa na ɗigawa, in ba ka samu ba ka tara ruwan a buɗaɗɗen baho ya kwana biyu kulorin zai tashi, sai dai in wanda ake haɗawa da amoniya ne, shi ba ya tashi sai da magani. Abinci sau ɗaya a rana ɗan kaɗan. In ka san wani mai tsohon akwariyom da kifinsa ke lafiya ka roƙe shi guntun sosonsa ko tafin hannu na tsakuwa, ka kawo a jiƙe cikin leda ka saka a naka, kamar dai yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara ta yi kindirmo, zai rage maka kwanaki sosai. In da hali ka nemi kayan awon ruwa irin na kamfanin API, sai ka ga amoniya 0, naitirayit 0, naitiret ya fara nunawa amma bai wuce 40 ba, sannan a yi maganar ƙara kifi.

Maman_Ilham ta rubuta:

Sannu da jarrabawa Abban Hanifa. Injiniya ya gama magana ni dai abu ɗaya zan ƙara don ni ya same ni, ka sa ido a kan yaran nan. Nawa autan sai da na kama shi yana marmasa musu biredi da guntun tuwo wai ya ga suna buɗe baki yunwa suke ji, ɗayar kuma ta juye rabin gwangwanin abincin a ciki muna barci. Ka ɗaga abincin sama inda hannu ba ya kai, ka auna musu da kanka su zuba a gabanka, abin da kifin zai cinye cikin minti 2 ya isa, kifi ba ya mutuwa don ya kwana ɗaya bai ci ba amma ƙoshi na kashe shi. Sannan maganin sauro na fesawa da na kunnawa, wallahi guba ne ga kifi ba kaɗan ba, injin iskar nan kuma iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa, in za a yi feshi ka kashe shi ka rufe akwatin da zani mai kauri sai an buɗe tagogi warin ya fita. Ni har turaren wuta na daina sawa kusa da nawa, ko yana cutarwa ko ba ya yi hankalina ya fi kwanciya.

Mai_Tarwada ya rubuta:

Hhhh Alhaji da kuɗin nan tarwada ka zuba a tanki da yanzu ana maganar farfesu. Ni shekara shida ina kiwo a bayan gida ban taɓa awon wani naitirayit ba, ruwa ya yi wari a zubar a zuba sabo shi ke nan, wannan dogon turancin na Injiniya ni ban yarda sai an yi shi ba.

Injiniya_Zazzau ya rubuta:

Mai Tarwada ai kifinka daban ne, tarwada tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama da ita kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a cikin taɓo in kududdufi ya janye, gufi bai da wannan gatan. Kuma kai da kake zubar da ruwan tanki kana sake sabo ai amoniyar kake kora ba ka sani ba.

Ɗan_Filato ya rubuta:

Yaya Abban Hanifa ni ta ɓangaren zafi da sanyi zan shigo, tunda hunturu ya ƙarato. Gufi da moli kifin ƙasashe masu ɗumi ne, sun fi son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28, golfish kuma asalinsa daga Sin yake kuma ya fi jin daɗin ruwa mai ɗan sanyi, tun farko bai kamata a haɗa maka su wuri ɗaya ba. Mu a Jos hita, wato na'urar ɗumama ruwa, dole ce, ku ma a Kano daren Disamba da Janairu ruwan akwati yana iya saukowa ƙasa da 20, kuma abin da ya fi cutar da kifi shi ne hawa da saukar nan, rana ɗumi dare sanyi, nan ne za ka ga fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa musu gishiri a jiki suna goga jikinsu da dutse. Hita mai wat 50 ta ishi lita 54, ka haɗa da ɗan ma'aunin zafi na mannawa. Ku taku babbar matsalar ma bazara ce, watan Afrilu ruwa ya yi zafi iskar cikinsa ta ragu, lokacin sai ka buɗe murfin ka sa fanka tana kaɗa saman ruwan, kar ka jefa ƙanƙara. Kar kuma ka ajiye shi inda rana ke dukansa ta taga, gansakuka za ta rufe gilashin ya koma kore shar.

Maganar ɗauke wuta kuma, ka nemi ɗan injin iska mai USB ka haɗa da fawa bank, ba ya cin caji sosai, tunda filtarka mai soso ce da iska take aiki ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, kifin na samun iska bakteriyar ma ba su mutu ba.

Abban_Hanifa ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ashe ni da hannuna na yi ta'asar. Maman Ilham kin yi gaskiya, na tsare Hanifa ta amsa cewa sau huɗu take ba su kafin in dawo daga kasuwa. To yanzu in ruwan ya nuna wane kifi zan zuba kuma guda nawa? Sannan muna da ruwan burtsatse a layinmu, ko shi zan koma ɗiba?

Injiniya_Zazzau ya rubuta:

Ruwan burtsatse babu kulorin in dai ba a zuba wa tankin ba, amma ka bar shi ya kwana da iska na bugawa don daga ƙasa yake fitowa babu isasshiyar iska a cikinsa. Ka duba butar shayinku, in tana yin farin ɓawo a ciki to ruwan mai nauyi ne, gufi da moli da wani ƙaramin kifin ado filati irinsa suke so. Niyon tetra masu layin shuɗi da ja ɗin nan da kowa ke sha'awa 'yan yankin Amazon ne, sun fi son ruwa mara nauyi kuma ba sa jure sabon akwati, ka bar su tukuna.

Golfish biyun nan gaskiya ka nema musu babban gida ko ka mayar wa mai shago ya musanya maka, suna kaiwa santimita 20 har fiye. Mai sharar ma in irin na gama-gari ne yana wuce santimita 30, kuma sharar da ake cewa yana yi gansakuka kawai yake ɗan lasa, kashin da yake yi ya fi abin da yake gogewa. Kifin da ake kira oska kuma ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa, yana ƙarami abin sha'awa, in ya girma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. A lita 54 ni da zan ba ka shawara gufi 6 zuwa 8 sun isa, ka riƙa ƙara 2 ko 3 duk sati, in ka kawo su ka ɗora ledar a saman ruwan minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita, ka tsamo su da raga, ruwan shagon kar ya shiga naka. In ka haɗa maza da mata ka sa mata biyu ga kowane namiji, amma ka sani gufi haihuwa take ba ƙwai ba, kusan duk wata, kafin ka ankara gida ya cika, in ba ka son haka ka ɗauki maza zalla su ne ma masu kalar. Akwai wani kifi kiribensis ɗan ƙasarmu ne, daga kogunan kudancin Najeriya da Kamaru ake samunsa, macen cikinta ja-ja, suna yin ƙwai a cikin ɓawon kwakwa ko fasasshiyar tukunya, kyakkyawa ne sosai sai dai in suna reno ba sa raga wa kowa, ka bari sai ka yi akwati na biyu.

Maman_Ilham ta rubuta:

Ka samo kainuwa guda biyu uku ka ɗauraye sosai ka bar ta a bokiti daban na sati ɗaya saboda tsutsa da dodon koɗi, sannan ka ɗora a saman ruwan, tana shan dattin nan kuma jariran gufi suna ɓuya a saiwarta iyayen ba sa cinye su. Ka dai riƙa rage ta kar ta rufe saman gaba ɗaya. Nawa gufin sun haihu shekaranjiya, in naka ya nuna ka yi magana in aiko maka ta hannun ƙanena yana shigowa Kano duk Asabar, soson ma zan yanko maka guntu wannan satin.