Wa ya taɓa gwada EBow a jitar bas?

Ɗan_Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu kaɗa bas ku taimaka min, akwai wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu wai EBow, in ka kusantar da ita ga tsirkiya sai sautin yai ta tafiya baya yankewa ba tare da ka taɓa da yatsa ba. Duk bidiyon da nake gani a YouTube a ƙaramar jita ake yi. To tana aiki a bas kuwa? ina so in ba wani saƙo daga Duwala amma bana son asarar sefa na.

BabanStudiyo_Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tana yi, amma fa sai ka sha haƙuri dan ba don bas aka ƙera ta ba. Wani Ba'amurke Greg Heet ne ya ƙirƙiro ta a 1969, ta shigo kasuwa 1976. Abin da ke ciki ba wani tsafi bane, pil ne, wato batir, mai volt 9 da naɗin waya guda biyu, ɗaya na jin motsin tsirkiya ɗayan kuma na mayar mata da ƙarfin maganaɗisu, sai tai ta rawa muddin kana riƙe. Shi yasa dole tsirkiyar ta zama ta ƙarfe, nailan ko motsi ba zai yi ba.

Inda gizo ke saƙar shine ƙasanta akwai kwari biyu da suke hawa kan tsirkiyoyin gefe, ta tsakiya ita ke waƙa. A ƙaramar jita tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyi wajen milimita 10 zuwa 11 ce sai ta zauna daram, a bas kuwa kusan 19 ne wajen gada, wato inda tsirkiyoyi ke zama a jikin jitar, kaga ba inda zata zauna kenan, sai dai ka karkata ta ka jingina gefe ɗaya a maƙwabciyar tsirkiya ko ka riƙe ta a iska, kuma in hannunka ya ɗan yi rawa ta taɓa waya sai kaji zzzz mara daɗi a ampili. Ga nauyi kuma, tsirkiyoyin E da A masu kauri sai ka jira kafin su farka. Fara da G da D sirara, ka doki wayar da yatsan hagu ta soma motsi tukun sannan ka kawo na'urar, ka rage volim dan in ta zo saitin pikop, abin nan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi mai ɗaukar sauti, ƙarar tashi take yi lokaci guda.

Mai_Piyano_Kuseri:
Ni dai yaya banga amfanin wahalar nan ba wlh. Dogon sauti kake so? danna piyano ka riƙe shikenan. Kuma nota ɗaya tak take bayarwa a lokaci guda, a gidan biki mata na jiran ƙugu ya motsa kai kana can kana lallashin waya hhhh. Kiɗan makosa ko bikutsi aikin yatsu ne, Kamaru ƙasar manyan makaɗan bas Richard Bona da Etienne Mbappé fa muke magana.

BabanStudiyo_Marwa:
Malam mai piyano ai ba wanda yace a kai ta biki. Ta studiyo ce, buɗe waƙa ko shimfiɗa a ƙarƙashin murya. Kuma piyano bazai baka zamewar nan ba, in bas ɗinka mara firet ce, wato ba ƙarafunan nan da ke gicciye a wuyan jita, ka zame yatsa daga nota zuwa nota sai kaji kamar ana jan izga a kan goge, sai dai mai zurfin murya. Nemi Michael Manring ka saurara, ya daɗe yana wannan aikin a bas mara firet.

Ɗan_Garwa:
Na gode sosai Baba. Tawa mai firet ce kuma waya huɗu, zata yi dai ko?

BabanStudiyo_Marwa:
Zata yi, zamewar ce kawai bazata fita sumul ba. Samfurin yanzu akwai maɓalli a jiki, gefe ɗaya sautin asali ɗaya gefen kuma mai sama sirit, gwada duka biyun a kan G. In ba a samu EBow ɗin ba a tambayi AEON ta TC Electronic, aikinsu iri ɗaya ne. Ka sa a haɗo maka da pil mai kyau, in ya fara sanyi wayar bas bata ko kula ta.